An Rufe Tafkinmu Daga Riyad

Ban taɓa zaton zan yi tsawon ran da zan ga an rufe tafkin garinmu daga cikin wani falo a unguwar Ulaisha da ke Riyad ba. Amma na gani da idona, ina zaune a kan darduma, ƙanshin kabsa, shinkafar nan ta Larabawa, bai ma gama fita daga ɗakin ba. Wata Juma'a ce bayan la'asar, 'yan garinmu mazauna Riyad suka taru kamar yadda suka saba, aka ci aka sha, sannan aka karanto gyaran da aka yi wa kundin tsarin ƙungiyar ci gaban garinmu, aka ce duk wanda ya yarda ya ɗaga hannu. A cikin gyaran akwai dokar da ta haramta kamun kifi don sayarwa a tafkin, kuma ba a sa mata ranar ƙarewa ba. Hannuwa suka tashi. Wasu ko kofin shayinsu ba su ajiye ba, da ɗaya hannun suka yi. Irin wannan zama aka yi a Kano da Legas da Jidda da duk inda 'yan garinmu suka watsu, aka haɗa da ta gida, masu eh suka rinjayi masu a'a, hakimi ya sa albarka, magana ta ƙare. Ƙanena kuwa, autan gidanmu, yana can bakin ruwan. Ya doshi sittin, ba shi da gona, ba shi da shago, kuma tun da aka yaye shi bai taɓa kai lomar da ba daga tafkin nan ta fito ba. Tun daga ranar raina a ɓace yake, kuma ba na son kowa ya ba ni haƙuri.

Mu gidan masunta ne. Abin da yake tashe ni da asuba sa'ad da nake yaro, kafin ma ladan ya gyara murya, shi ne ƙarar jirage suna gugar juna a mashigi, da tarin Inna a wajen banda tana hura wutar jiya. Daga nan sai kirinjijiya, agwagin ruwa, su fara fito a kan ruwa, sai muryoyin maza ƙasa-ƙasa, don ba a ɗaga murya a bakin tafki kafin gari ya waye. Aikina na farko a duniya kwashe ruwa ne daga cikin jirgin Baba da wani tsohon ƙoƙo da ya tsage aka ɗinke. Da na ƙara tasawa aka ba ni ɗebo itacen banda, sannan riƙe bakin taru, wato ragar kamun kifi, idan Baba yana ɗinke inda kifi ya yaga. Inna takan zauna a kan turmi ta fede tarwaɗa, ta lanƙwasa ta, ta haɗa wutsiya da kai ta soke da tsinke, ta jera a kan banda, hayaƙi yana shiga idonta tana hawaye tana hira kamar ba komai. Hayaƙin nan ya kama rigunanmu da gashin kanmu yadda ko sabulun salo ya gaji ya bar mu. 'Ya'yan manoma suna toshe hanci idan mun zo wucewa, suna ce mana masu ƙarni, mu kuma muna ce musu su jira dare ya yi mu ga miyar wa za a lashe kwano. Ba mu taɓa jin kunyar ƙarnin nan ba. Yanzu jikokina a nan ko kifi aka soya sai uwarsu ta bi gida da turaren wuta.

Baba mutum ne marar yawan magana, koyarwarsa ma da hannu yake yi. In taru ya fito da ƙarfasa mai ciki cike da ƙwai, sai ya danna cikin da babban yatsa a hankali ya nuna mini, ya ce, "Mayar da ita, wannan ba kifi ɗaya ba ce." In na yi nawa wajen mayarwa, ina kallonta ina haɗiyar yawu, sai in ji ranƙwashi a ka. Idon taru kuwa da yatsu ake auna shi. Sarkin Ruwa, wato dattijon da ke riƙe da al'amuran tafkin, yakan bi mashigi yana zura yatsunsa a idon tarun kowa, wanda ya matse ya hana su shiga a nan take zai sa wuƙa ya keta shi, ko na surukinsa ne. Don haka kada wani yaro ya zaci mu ba mu san kare kifi ba. Abin da masu ɗaga hannu suke zato ke nan, a ganinsu su suka ƙago tausayin ruwa, mu kuma jahilai ne da muka tashi muna wawushe abin da muka samu.

Rufe ruwa ma mun san shi tun kafin a haifi iyayensu. Kowace shekara idan kifi ya shiga ƙwai ana janye jirage, wannan ba ya bukatar taro, kowa ya sani. Amma idan rufewa ce mai tsawo, wadda za ta taɓa tukunyar mutane, Sarkin Ruwa ba ya yanke ta shi kaɗai. Sai ya sa a yi shela, duk mai shiga ruwa ya hallara a mashigi da filafilinsa, itacen nan da ake tuƙa jirgi da shi. Sarkin Ruwa ya faɗi abin da ya gani, ya fara ajiye nasa a ƙasa. Wanda ya yarda a rufe sai ya tako ya ɗora nasa a kai, ya koma hannu wofi. Filafilan nan a zauren Sarkin Ruwa za su zauna har ranar buɗewa. Ka ga ke nan ba mai cewa eh sai ya fara cire abinci daga bakinsa. Manomi da maƙeri da mai tireda suna iya zuwa su tsaya su saurara, a gaishe su da mutunci, a shimfiɗa musu tabarma, amma ba su da ta cewa tunda ba su da abin ajiyewa. Kuma muddin akwai mutum ɗaya da ya riƙe nasa, ruwa bai rufu ba, sai an zauna an ji dalilinsa.

Shekarar da Baba ya sassaƙa mini nawa filafilin, na shiga sahun maza, ita ce shekarar da damina ta yi gardama. Kogin da ke cika tafkin bai kawo ba. Ruwa ya yi ta ja da baya yana barin taɓo mai tsagewa, har kifi ya taru a gurbin tsakiya ya cunkushe, mace ma in ta shiga da kwando za ta cika shi. Kasuwa ta cika da kifi, fatake suka ji labari suka fara zuwa da jakuna, mu samari muna ta murna muna ganin kakarmu ce ta yanke saƙa. Dattawa ne kawai fuskarsu ba walwala. A cikin wannan hali Inna ta haifi Auta, ta kuma tashi daga haihuwar ba ƙarfi, nono ma da ƙyar yake zuwa.

Aka yi shela. Da hantsi mashigi ya cika. Sarkin Ruwa, tsoho ne mai ɗingishi da wani ido da ƙaya ta taɓa, ya ce in aka ci gaba da ɗiba a haka za a kwashe har iri, kuma ko ruwa ya dawo baɗi, fanko zai dawo. Ya ajiye filafilinsa. Maza suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, kana jin ƙarar itace yana sauka a kan itace. Ni tun a gida na gama shirya yadda zan taka in ajiye nawa, ƙirji a buɗe, don 'yan matan da suka zo ɗiban ruwa suna tsaye daga nesa suna kallo. Ina jira Baba ya fita in bi bayansa. Baba bai motsa ba. Aka gama, sai mu biyu tsaye da filafili a hannu. Na dube shi, bai dube ni ba. Bai ce in tsaya ba, bai ce in tafi ba. Kunya ta rufe ni, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa ta bar shi shi kaɗai.

Guna-guni ya tashi. Wani daga baya ya ce mutum ɗaya ba zai kashe wa gari ruwa ba, wani ya ce a fizge kawai. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale shi. Ruwa bai rufu ba tukuna." Ya ɗingiso da kansa har gabanmu, ya zauna a ƙasa a kan yashi mai zafi, dole kowa ya zauna. Ya ce, "Ɗan'uwa, me ya riƙe hannunka?"

Baba ya durƙusa, bai saki filafilin ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka gani ni ma na gani, kuma gaskiya ka faɗa. Amma duk waɗanda suka ajiye, in sun koma gida akwai rumbu, kowa yana da 'yar gonarsa. Ni ubana da jirgi kawai ya zo garin nan, jirgi kawai ya bar mini. In na ajiye na koma, jariri zan tarar da uwarsa ba lafiya. Abu biyu nake so in ji kafin in saki: me za su ci, kuma yaushe za a buɗe?"

Ba wanda ya tashi. Rana ta take, aka yi azahar a nan bakin ruwa, aka dawo aka sake zama. Aka yi ta kai-kawo, wannan ya kawo shawara wancan ya rushe. Can sai wani dattijo ya yi gyaran murya, mutumin da suka shekara da shekaru ba sa ga-maciji da Baba saboda wata tsohuwar rigima a kan taru. Bai ko kalli inda Baba yake ba, Sarkin Ruwa ya fuskanta ya ce yana da wani yanki na fadama kusa da albasarsa, akwai rijiya, in mai taurin kai yana so ya je ya noma har a buɗe ruwa. Wani ya ce zai ba da iri. Wani ya ce jigonsa na ban ruwa yana nan. Sarkin Ruwa ya ce kafin albasa ta yi, tuwon mai jego daga gidansa zai riƙa fita. Sannan ya nuna wata kanya da ke bakin mashigi, ya ce ranar da ruwa ya dawo ya taɓa saiwarta, ya kuma zauna a nan har kasuwa ta ci ta watse bai janye ba, ranar kowa ya zo ya ɗauki filafilinsa. Alama ce da makaho ma zai iya zuwa ya taɓa da ƙafa ya tabbatar. Baba ya miƙe ya je ya ajiye. Na bi shi, nawa ne a saman na kowa, kuma a lokacin 'yan matan sun daɗe da tafiya.

Baba ya yi noman albasa mafi muni da aka taɓa gani a fadamar nan. Yana riƙe fartanya kamar mai tsoron za ta cije shi, manoma suna wucewa suna gaishe shi da "Sannu Sarkin Noma", shi kuma yana amsawa da ɗaure fuska. Ni na fi shi kamawa, kuma ga shi ikon Allah, a kan albasa na ƙare, shekara da shekaru ina zaune a rumfar kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, a kasuwar Aziziya ina duba buhuna. Amma mun ci, Inna ta warware, Auta ya yi ƙiba. Da damina ta zagayo ruwa ya zo da ƙarfi, kullum da safe yara suna rugawa su duba kanya su dawo da labari. Ranar da aka buɗe, tun kafin mu isa mashigi muke jin ganga. Kifin da aka fitar ran nan ban sake ganin irinsa ba, kuma giwan ruwa na farko da ya shiga tarun Baba, a kai na ɗauke shi na kai gidan dattijon nan mai fadama. Ya karɓa ya ce in gaya wa ubana har yanzu bai yafe maganar tarun ba.

Gari guda ya wuni a rana saboda jariri ɗaya, ba don uban jaririn yana da sarauta ko dukiya ba, sai don yana da filafili a hannu. Jaririn nan shi ne yau aka fitar daga ruwa da ɗaga hannu, tsakanin kofin shayi na biyu da na uku.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, tafkin ya lalace. Ni na fito tun ina da ƙarfina, aikin gini ya kawo ni ƙasar nan, amma duk zuwan da nake yi gida ina ganin abin da ya faru. Baƙi sun zo da jiragen inji da taru mai ido kamar gidan sauro, wasu ma gidan sauron ne da kansa suke ja, yana kwashe har ƙwai. Wasu suna zuba guba cikin ruwa su tsince abin da ya taso. Manyan motoci masu ƙanƙara suna jira a bakin hanya su loda su yi kudu. Tun da inji ya shigo taron filafili ya mutu, don mai inji ba shi da abin ajiyewa kuma ba ya zuwa. Sarautar Sarkin Ruwa kuwa an naɗa wa wani babban mutum da ke zaune a birni, wanda na tabbata in ya faɗa tafkin sai an tsamo shi. Duk wannan Auta yana gani, yana faɗa, ba mai saurare. Shi har yau da jirgin katako yake shiga, tarunsa yatsu suna wucewa, matarsa tana banda tana kaiwa kasuwa a kwando. Abin da yake kamawa a wata, jirgin inji ɗaya ya fi shi kafin hantsi. Amma da aka tashi rubuta doka, kalma ɗaya aka yi musu, shi da su duk masu kamun sayarwa ne.

Wanda ya jagoranci zaman Ulaisha ɗan wani abokina ne, ɗalibi ne mai zurfin karatu a jami'a, kowa Ustaz yake ce masa. Yaron kirki ne, in ya gan ni har ƙasa yake gaishe ni, shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai. Ya karanto gyare-gyaren daga wayarsa. Akwai na ba wa mazauna waje kujera a majalisar ƙungiya. Akwai na cewa 'ya'yan da aka haifa a ƙasashen waje cikakkun 'yan gari ne, suna da haƙƙin fili da na magana kamar kowa. Na kifi yana can ƙarshe, ya karanta shi da sauri kamar mai gudun kada abinci ya huce. Na ce a dakata.

"Ustaz, raba mana su. A yi ƙuri'ar kowanne daban."

"Baba, Allah Ya ƙara girma, ba zai yiwu ba. Haka uwar ƙungiya ta turo shi, jumlatan. Eh ce ko a'a, ga duka."

"To yaushe za a buɗe ruwan?"

Ya duba wayar, ya ja sama ya ja ƙasa. "Gaskiya kundin bai ambata ba. Amma Baba, maslaha ce ta al'umma. Kifin yana ƙarewa, kai ma shaida ne. Kuma ba a hana mutum ya jefa ƙugiya ya kama na miya ba."

"Na miya. Tuwon fa? Mutumin da ba shi da gona, da me zai sayi dawar da zai ci miyar da ita?"

"An ce za a kafa kwamiti ya duba lamarinsu, in sha Allah."

Wani direba daga bakin ƙofa, makullin mota a hannu, ya ce, "Yalla Baba, don Allah a yi a gama. Ina da dawam, lokacin aiki ya yi, kafilina yana jira in kai iyalinsa kasuwa."

Na dubi ɗakin. Direbobi, leburorin gini, ɗalibai, masu tsaron shago, duk mutanen da suka san ɗacin a yanke maka hukunci ba a tambaye ka ba, don kowannensu rayuwarsa tana rataye da igama, takardar izinin zama, wadda wani yake sabunta masa in ya ga dama. Na zaci su ne za su fi kowa ganewa. Na ce, "A cikinku wa ya taɓa riƙe filafili?" Sai na ga wani yaro ya karkata yana tambayar na kusa da shi mene ne shi. Na ce, "To me kowannenku zai ajiye in ya ce eh? Wa zai rasa abincin dare?" Wani ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa tsoho idan ya fara labarin da. Ustaz ya bar ni na gama, ya yi mini godiya da Larabci mai daɗi, sannan ya ce a ɗaga hannu. Da aka zo kan a'a, ni ne da wani tsoho mai gadin gini, shi ma daga baya na gane bai ji abin da aka ce ba.

A cikin hannuwan da suka tashi akwai na ɗana. A nan aka haife shi, a nan ya girma, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa sai ka yi haƙuri da ita. Bai kalle ni ba ya ɗaga, bai kalle ni ba ya sauke. Shi ya tuƙa ni zuwa gida, muka bi ta unguwar Malaz, sai da danja ta tsayar da mu ya yi magana.

"Baba, kana fushi."

"Ina yi."

"Wallahi ba don kifi na ɗaga ba. Ni a nan ajnabi ne, baƙo, ko da yake a nan aka haife ni. In na je can kuma ɗan Saudiyya suke ce mini. Yau ne farkon ranar da wani wuri ya ce ni nasa ne, ni da yarana. Yaya zan ce la, in ce a'a?" Danja ta ba da hannu, ya ja mota. "Baffa Auta kuma mafi mushkila, ba damuwa, za mu riƙa taimaka masa."

Na ce, "Baffanka bai taɓa miƙa hannu ya karɓa ba. Duk zuwana gida shi yake cika mini jaka da banda."

Yaron yana da gaskiyarsa, kuma ni na kawo shi duniya a ƙasar da ba za ta taɓa kiransa nata ba. Fushina yana kan wanda ya zauna ya ɗaure maganar ɗana da maganar ƙanena a igiya ɗaya, yadda ba zan ceci ɗaya ba sai na yar da ɗaya. Wanda ya yi wannan ɗaurin ba kuskure ya yi ba, ya san sarai in aka kawo dokar kifi ita kaɗai mutane za su tsaya su yi tambaya. Kuma ina fushi da wannan sabon salo da ake kira jin ra'ayin jama'a, inda ake tambayar kowa da kowa don kada a tsaya a saurari mutum ɗayan da abin zai faɗa wa a ka. Su a wurinsu yawan hannu shi ne adalci. Mu da ake ce wa jahilai, mutum ɗaya yakan tsayar da gari har sai an san abin da zai ci.

Ba a daɗe ba doka ta fara aiki. 'Yan banga suka bi mashigi suka janyo jirage kan tudu suka ɗaure da sarƙa. Masu inji tun kafin ranar sun loda nasu a mota sun koma wani ruwan, ba abin da ya ragu a jikinsu. Waɗanda aka samu a wurin su ne irin su Auta, tsofaffi da jiragen katako, waɗanda ba su da inda za su. Kwamitin da aka ce za a kafa, har yau ana neman wanda zai shugabance shi. A rukunin ƙungiya na waya kuwa sai barka ake yi wa juna, ana turo hoton tafkin da yamma, ruwa lumui ba jirgi ko ɗaya, ana rubuta masha Allah.

Auta ba mai son waya ba ne, kullum ni nake nemansa, in ya ɗauka ma gaisuwa ce da labarin ruwa, ya ce in gaida yara. Shi ya sa da na ga kiransa da safe, ina rumfa ana sauke kaya daga mota, na san ba lafiya ba. Na koma bayan rumfa inda hayaniya ta yi sauƙi. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce lafiya lau. Na tambayi jirgi, ya ce yana nan inda suka ɗaure shi, rana ta fara buɗe katakon. Ya ce kullum bayan asuba sai ya tsinci kansa a mashigi, ya tsaya ya rasa abin da ya kawo shi, ya juyo. Sannan ya ce:

"Yaya, dama cewa na yi ko za ka yi wa kafilinka magana. Ko akwai abin da zai sama mini a can. Ko gadi, ko shara, duk zan iya."

Mutumin da ko Kano sai da dalili yake zuwa. Na buɗe baki in gaya masa ba mai ɗauko mai furfura daga wata ƙasa ya ba shi aiki, ni kaina albarkacin daɗewa nake ci, amma sai na fasa. Na ce zan duba.

Ya ce, "Garin nan naku, akwai kogi kusa?"

Na ce babu.

"Tafki fa?"

"Babu, Auta. Ruwan da muke sha ma daga nesa ake jawo shi a bututu."

Ta cikin wayar ina jin kaji suna kuka a tsakar gidanmu. Sannan ya ce, "To, hakan ma ya fi, Yaya. In ba na ganinsa zan fi iya haƙura."